Maki Takwas a Tambaya ta Bakwai

Litinin, 1 ga wata

Zuwa ga mai ɗakina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin surukarmu bayan aikin da aka yi mata? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya ba ki ladan jinya. Yaya takwararki, amaryata mai rowar gaisuwa? Ki gaya mata idan ta ƙara mako guda ba ta rubuto mini ba, zan sake ta in nemi wata jikar.

Wasiƙarki ta iso ranar Asabar ta hannun direban maƙwabcinmu. Kin rubuta kalmar "asibiti" iri biyu a shafi ɗaya. Na dai ja layi. Batun waya kuwa, ki daina matsa mini. Kunnena na hagu ya yi ritaya tun kafin ni, kuma maganar da ba a rubuta ba, ba ta da inda za a koma a duba ta.

Gida yana nan yadda kika bar shi, ban da abu uku. Agogon falo yana latti da minti bakwai. Famfon kicin yana ɗiga. Na uku shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Kin san abin da likita ya ce: mantuwar nan ba za ta koma baya ba, sai dai a rage mata gudu. Ya ba ni shawarar in riƙa yin wasan cike gurbi na jarida. Na ce masa, "Yaro, shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da lissafi, ba zan ƙare a shafin baya na jarida ba." Saboda haka kowace safiya, daga ƙarfe takwas zuwa goma, nakan zauna a teburin da marigayi ɗanmu Dogo ya ƙera mini, in ciro takardun jarrabawar da na tsara wa ɗalibai, shekara bi shekara. Nakan yi tambaya goma da baƙin biro, sannan in ɗauko takardar amsa in yi wa kaina maki da ja. Aljabra ba ta ba ni wahala ba: buɗe baka, ninka wannan da wancan, tattara masu kama. A kalkulas aka samu matsala.

Akwai ƙa'idar da ake bi idan abu biyu suna ninke da juna ana neman saurin canjinsu. Ke ma kin haddace ta don yawan ji, har kikan rera mini ita idan muna naɗe zanen gado: riƙe na farko ka motsa na biyu, riƙe na biyu ka motsa na farko, sannan ka haɗa. Ranar Alhamis na zo kan tambaya ta bakwai ta wata shekara, wato (x + 1)²(x − 2)³, na ɗora biro, sai na nemi ƙa'idar na rasa. Ba wai ta rikice mini ba. Babu ita ne kwata-kwata, kamar ki shiga ɗakinki ki tarar da bango a inda ƙofa take.

Ban yarda in leƙa littafi ba. Na bi doguwar hanya, wadda na hana ɗalibaina bi: na buɗe bakan duka, na ninka kowace gaɓa da kowace gaɓa, shafi ɗaya da rabi, sannan na nemi saurin canjin. Na samu 5x⁴ − 16x³ + 3x² + 20x − 4. Takardar amsa kuwa ta ce (x + 1)(x − 2)²(5x − 1). Ba su yi kama ba, sai na ba kaina sifiri.

Abin da ya dame ni shi ne, wannan dogon layi na taɓa ganinsa, kuma ba da rubutuna ba. Ina cikin kallonsa sai na ji kamar mutum yana tsaye a bayan kafaɗata ta hagu, daidai inda ɗalibi ke tsayawa yana jiran littafinsa. Ƙarfe goma saura, rana ta cika ɗakin. Na waiga, ba kowa. Kada ki tayar da hankalinki, ina shan maganina a kan lokaci.

Kin ce takwararki tana so ta ajiye babban lissafi, kuma ranar 22 za a mayar da takardar zaɓen darussa. Kin ce ta ce gado ta yi, babanta Dogo ma ba shi da kan lissafi. To, kada a tilasta mata. Ba kowane kai aka yi don wannan aiki ba.

Ki gaishe su duka. Ki kula da gwiwarki a matakalar gidan nan.

Naki,
Maigidanki

Alhamis, 4 ga wata

Zuwa ga mai ɗakina,

Assalamu alaikum, tare da fatan kuna lafiya, ke da mai jiki da takwararki. Ban jira amsarki ba, ki yi haƙuri.

Ƙa'idar ta dawo da kanta shekaranjiya ina wanke kofi, kamar ba ta je ko'ina ba. Amma mai tsayuwar nan bai tafi ba. Kullum na buɗe littafi sai in ji shi. Ba ya motsi, ba ya gyaran murya, jira kawai yake yi. Jiya har ƙanshin garin katako na ji, irin wanda ke bin rigar Dogo idan ya dawo daga shago, alhali teburin ya shekara ashirin da bushewa.

Sai na duba shekarar da ke saman takardar, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Shekarar da Dogo ya zauna a ajina ce. Jarrabawar tantancewa ce, wadda duk wanda ya ci hamsin za a sa shi a ajin babban lissafi, daga nan ya nemi karatun injiniya. Ni ne shugaban sashe, ni na tsara tambayoyin, ni na yi maki. Malamai suna zuba ido su ga yadda zan yi da ɗana, ni kuma na ƙudura ba za a taɓa cewa na yi son kai ba. Takardarsa na fara ɗauka, kuma na fi saurin gama ta. Ya samu arba'in da huɗu. Tambaya ta bakwai maki takwas ce, na ba shi sifiri, na rubuta a gefe, "Wannan yawo ne, ba lissafi ba." Na karanta wannan a gaban aji, aka yi dariya.

Kina tuna yammacin ranar? Kina guga a falo. Ya shigo da takardar a hannu, ya tsaya a hagu da ni, ya ce, "Baba, ka ƙara dubawa." Na ce, "Na duba." Ya ce, "Har ƙarshe?" Na ce, "Ni kake koya wa aikina?" Ya ajiye ta a gabana ya fita. Na jefa ta a kwandon shara. Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah, sai dai idan abokan cinikinsa sun yaba awonsa yakan yi dariya ya ce, "Ni da ba ni da kan lissafi? Ku tambayi Baba."

Ina da tambaya ɗaya, kuma ina roƙon amsa a taƙaice. A lokacin ke ce mai zubar da kwandon. Shin kin san inda takardar nan ta ƙare?

Naki,
Maigidanki

Asabar, 12 ga wata bisa kalandar falo, ko da yake jaridar maƙwabci ta ce 13. Jaridar ce daidai, na manta ban yage shafi ba

Zuwa ga mai ɗakina,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin labarin cewa surukarmu ta fara takawa zuwa ƙofa. Allah Ya cika mata lafiya. Ke ma ki riƙa hutawa.

Na nemi amsa a taƙaice, kin kuwa ba ni. Layi biyu: "Tana cikin akwatin keken ɗinki, ƙarƙashin zaruruwa. Shekara talatin da ɗaya ina jiran ka tambaya, Malam Jan Biro." Babu kuskuren rubutu ko ɗaya. Na nema.

Na same ta a naɗe cikin tsohon ɗankwalinki. Ta yi launin shayi, amma rubutun yana nan. Kin tuna yadda yake rubuta huɗu, bakinta a buɗe kamar kujera? Shafi ɗaya da rabi ya cika, gaɓa bayan gaɓa, babu gogewa ko sau ɗaya. A ƙasa ya ja layi biyu da rula ƙarƙashin amsarsa: 5x⁴ − 16x³ + 3x² + 20x − 4. Ita ce amsar da na samu ranar da ƙwaƙwalwata ta gudu ta bar ni. Jan birona ya ratsa shafin daga kusurwa zuwa kusurwa.

Zan gaya miki abin da na yi, ko da lissafin bai dame ki ba, don in samu shaida. Akwai gwaji mai sauƙi da nake koya wa 'yan aji ɗaya: idan kana shakkar ko amsa biyu ɗaya ne, ka sa lamba a madadin x ka gani. Na sa ɗaya a tawa, na samu takwas. Na sa ɗaya a tasa, takwas. Na ce ƙila dace ne. Na sa uku: tawa hamsin da shida, tasa hamsin da shida. Daga nan na buɗe bakan amsata gaba ɗaya, na ninka, sai ga layin Dogo ya fito a ƙarƙashin birona, lamba bayan lamba. Amsa ɗaya ce. Tawa tana naɗe, tasa tana shimfiɗe, shi ke nan bambancin.

Minti huɗu gwajin ya ɗauke ni, na duba agogon hannu. Minti huɗu na hana shi. Na ga bai bi hanyata ba, na ga ƙarshensa bai yi kama da takardar amsa ba, sai na ja layi. Ko tambayar ba ta ce dole a bi ƙa'idar ninki ba. Ni na rubuta ta, na sake karantawa sau uku. Arba'in da huɗu da takwas, hamsin da biyu ke nan. Yaron ya ci.

Ba na cewa aikin kafinta ƙasƙanci ne. Kin ga yadda aljihun teburin nan ke shiga ba ƙara. Amma ba shi ya zaɓa ba, ni na zaɓa masa, kuma da kuskure. Ya rayu shekara ashirin da biyar bayan haka yana faɗa wa mutane abin da na gaya masa game da kansa, har ya faɗa wa 'yarsa.

Mai tsayuwa yana nan yanzu da nake rubutu. Ban waiga ba.

Ina roƙonki ki bar maganar nan tsakaninmu tukuna. Ɗaliban da na koyar suna ko'ina, har yau "Ba-kuskure" suke kirana idan mun haɗu a hanya. Takwararki ma da wannan idon take kallona. Me zai amfani marigayi idan ta san kakanta ne ya karya mahaifinta? Ina bukatar lokaci in yi tunani.

Naki,
Maigidanki

Laraba, 17 ga wata

Zuwa ga mai ɗakina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mai jiki. Ki karanta wannan a zaune.

Na janye roƙon da na yi miki ranar Asabar. Ga dalili.

Jiya da ƙarfe takwas na zauna kamar kullum. Na ciro takardar jarrabawa, na yi tambaya ta ɗaya zuwa ta shida lafiya. A ta bakwai ƙa'idar ta ɓace, na bi doguwar hanya, na samu wani layi da na ji kamar na san shi. Na ce a raina, anya ba amsar Dogo ba ce wannan? Na tashi ina neman inda takardarsa za ta kasance, na birkice kabad biyu, har na ɗauko takarda zan rubuto miki in tambaye ki. Da na ja aljihun tebur don neman ambulan, sai ga ta a ciki, a kan ɗankwalinki. An maƙala mata wata 'yar takarda da rubutuna, da kwanan watan Asabar: "Na gwada da 1 da 3. Amsarsa daidai ce. Hamsin da biyu."

Kin gane? Na gano abin, na yi kuka a kansa, na rubuto miki, sannan cikin kwana uku ya goge kamar allo. Na sake gano shi sabo, da zafinsa sabo. Lokacin da na ce ina bukata ba nawa ba ne. Idan na yi shiru na jira, ciwon nan zai ɓoye mini laifina ba tare da na ɗaga yatsa ba, in mutu ina Ba-kuskure, yarinyar nan kuma ta shiga duniya da ƙaryar da na ƙirƙira. Na fahimci abin da mai tsayuwa yake jira. Ɗalibi ba ya barin gefen tebur sai an miƙa masa littafinsa.

Ga takardar a cikin wannan ambulan. Na yi gyaran yadda doka ta tanada: ban goge sifirin ba, na soke shi da layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, na rubuta takwas, na gyara jimla zuwa hamsin da biyu, na sa hannu da kwanan wata. Maganar yawo ma na soke ta, na rubuta a ƙasa, "Kuskuren mai maki ne. Aikin daidai yake tun daga farko har ƙarshe."

Ki ba takwararki a hannunta kafin ranar 22, a gaban mahaifiyarta. Ki ba ta wasiƙuna ma ta karanta, har da ta farko inda na ce ba kowane kai aka yi don wannan aiki ba. Kada ki tausasa komai, na san halinki. Ba na cewa dole ta ɗauki darasin. Idan ba ta so, ta bari don ba ta so. Amma kada ta ce gado, domin ga gadonta nan a shafi ɗaya da rabi.

Idan kuma kika ga wata wasiƙa daga gare ni ina tambayar inda takardar Dogo take, kada ki tsorata. Ki ce mini an riga an miƙa.

Naki,
Maigidanki

Alhamis, 25 ga wata

Zuwa ga mai ɗakina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na yi murna da jin cewa za ki dawo ranar Lahadi. Mai gyaran famfo ya zo, ya gyara, yanzu ta wani gefen yake ɗiga. Agogon falo na bar miki shi yadda yake.

Na karanta wasiƙarki sau da yawa, wani don so, wani don dole. Kin ce surukarmu ta rufe fuska da mayafi ta daɗe ba ta buɗe ba. Kin ce takwararki ta shige ɗaki da takardar, ta ƙi cin abinci, kwana biyu ba ta ambaci sunana ba. Tana da gaskiya. Da ta ƙara kwana ɗari ma ba zan ce ta yi yawa ba. Ke kuma kin ce ba lissafi kika sani ba, yaronki kika sani, kuma yaronki ba ya cewa a ƙara dubawa sai ya tabbata. Me ya sa ba ki faɗa mini ba a lokacin? Kada ki amsa. Na san kin faɗa, na kuma san abin da na ce miki.

Wasiƙar amaryata ta iso tare da taki, bayan wata biyar ina jira. Babu gaisuwa a cikinta, ko ɗaya. Ta ce, "Tsoho, na mayar da takardar makaranta, na bar babban lissafi a ciki, ban cire shi ba. Ba don kai ba. Kuma ban huce ba tukuna, kada ka ɗauka an shirya." A ƙasa ta ƙara da cewa, "Kaka ta ce ƙa'idar nan tana gudu ta bar ka. Ga ta na rubuta maka da manyan baƙaƙe, ka manna a bango." Na manna, daidai saitin idona. Ta rubuta "motsa" da kuskure. Ban ja layi ba.

Sai kuma shafi biyu na aiki. Ta ɗauki wata tambaya daga littafinsu, baka uku a ninke, ta yi ta ta hanya biyu: ta ƙa'ida a shafi ɗaya, ta doguwar hanya a ɗayan. A saman na biyun ta rubuta, "Hanyar Babana." Huɗunta ma bakinta a buɗe yake. Ta ce in yi mata maki idan har na iya.

Safiya biyu na yi a kai. Ban ɗauko takardar amsa ba, don babu. Na bi kowane layi da rula, na ninka abin da ta ninka, na sa ɗaya, na sa uku, na rubuta sakamakon a gefe don kada in manta na yi. A layi na tara na shafin farko ta yar da alamar ragi, sai ta gano da kanta a layi na goma sha ɗaya ta gyara. Shafi na biyu babu abin taɓawa.

Da na ajiye biro na waiga hagu, da niyya wannan karon. Ba kowa, kuma na ji a jikina cewa ba kowa. Na ɗauka sauƙi zan ji. Kewa na ji, irin ta makon da muka rasa Dogo. Ki zo da wuri ranar Lahadi, ɗakin ya yi faɗi.

Ga shafukanta na mayar ta hannun direba. Idan ta tambaya, ko da ba ta tambaya ba, ki gaya mata na duba. Ki ce mata har ƙarshe.

Naki har kullum,
Malam Jan Biro